Cire wa kyanwa farce gaba ɗaya: akwai mai yi a Jos, kuma ya dace?

Maman_Ilham
Assalamu alaikum jama'ar gida. Tambaya gare ni. Kyanwa ce 'yar wata takwas, a cikin gida take kwana take tashi. Ta farfarke gefen kushin biyu da labulen falo, ga yaro ɗan shekara biyu da ba ya rabuwa da ita. An ce akwai aikin da likitocin dabbobi ke yi su cire farcen gaba ɗaya, ba ya sake fitowa. Akwai mai yi a nan Jos? Kuma yana da illa?

Dan_FarinGada
Wa alaikumus salam. Wato Hajiya kyanwar Lami kike nema, ba cizo ba yakushi 😂

Likita_Bukuru
Wa alaikumus salam, Maman Ilham. Kafin maganar inda ake yi, ga abin da ake yi ɗin. Farcen kyanwa daga jikin ƙashi yake tsirowa, ƙashin ƙarshe na kowane yatsa. Muddin wannan ƙashin yana nan, farce zai dawo. Don haka duk wanda ya ce miki zai cire shi har abada, guntule ƙashin zai yi daga gaɓa, ya yanke jijiyoyi da agarar da ke riƙe da shi. Ki dubi hannunki: daidai yake da a datse kowane yatsa daga gaɓar da ke bayan farce.

Farcen kyanwa 18 ne, biyar-biyar a ƙafafun gaba, huɗu-huɗu a na baya. Yawanci na gaba ake cirewa, wato yanka goma a rana ɗaya, sannan ta farfaɗo daga allurar barci ta taka ƙasa da raunukan. Kuma ita a kan yatsu take tafiya, ba a kan tafin ƙafa kamar mu ba. In aka rage yatsun sai nauyin jiki ya koma kan ƙashin tsakiya, wanda ba aikinsa ba ne taka ƙasa. Tafiyar ta canza, ciwo ya hau kafaɗa da gadon baya.

A kwanakin farko akwai zubar jini, kumburi, ɗinki ya buɗe, ƙwayar cuta ta shiga. Abin da ke zuwa daga baya ya fi muni. In aka bar ɗan guntun ƙashi, farce zai ci gaba da tsiro a ƙarƙashin fata, a murɗe, babu hanyar fita, sai ya tara mugunya bayan watanni ko shekaru. Likita yana yanke yatsan kyanwa in akwai dalili: ƙari a gindin farce, ko mota ta murƙushe yatsan, ko ciwon da ya ƙi jin magani. Shi ma yatsan da ya lalace kaɗai. Don kushin dai, ban ba ki shawara ba.

Baffa_Rikkos
Likita, amma ai a Amurka an daɗe ana yi, kuma yanzu da hasken leza suke yi, ba wuƙa ba. An ce jini ba ya zuba sosai. In da abin ya kai munin da kake faɗa, da sun daina.

Likita_Bukuru
Baffa, suna kan dainawa ne. Jihar Niyu Yok ta haramta shi a 2019, ita ce jiha ta farko, Merilan ta biyo baya a 2022. Isra'ila ta hana tun 2011. A Birtaniya da yawancin ƙasashen Turai laifi ne a yi shi ba tare da dalilin rashin lafiya ba.

Maganar leza kuwa, kayan aiki uku ake amfani da su: wuƙar tiyata, almakashi mai datsewa lokaci guda, da leza. Leza tana ƙone bakin jijiyoyin jini, shi ya sa jini da kumburi ke raguwa a kwanakin farko. Amma ƙashin da za a cire shi ne dai ake cirewa. Almakashin nan shi ya fi barin guntun ƙashi, domin ba ya bin gaɓa daidai. Akwai binciken da aka fitar a 2017, aka kwatanta kyanwoyi 137 da aka yi wa aikin da wasu 137 da ba a yi wa ba. Da aka ɗauki hoton ƙashi, kashi 63 cikin ɗari na waɗanda aka yi wa aikin an same su da ragowar ƙashi. Ciwon baya, cizo, da yin fitsari a wajen kwanon yashi duk sun fi yawa a cikinsu.

Anti_Rifkatu
Wannan na fitsarin shi ne mutane ba sa tunani. Kyanwa sai ta tona yashi kafin ta yi bahaya, ta tona ta rufe. In tonon yana yi mata zafi, sai ta ɗauka kwanon ne ke cutar da ita, ta koma neman wuri mai laushi: katifa, darduma, tulin wanki. An tsira da kushin, an rasa katifa. Kuma warin fitsarin kyanwa a cikin soso ba ya fita da sauƙi.

Sani_Terminus
Akwai wani aikin daban da ba a taɓa ƙashi, agara kawai ake yankewa don kada ta iya fito da farcen. Shi fa?

Daliba_Naraguta
Yaya Sani, shi ma ba mafita ba ne. In kyanwa tana hutawa, wasu jijiyoyi masu talewa ne ke riƙe farcen a sama, a ɓoye. In za ta fito da shi sai agarar da ke ƙarƙashin yatsa ta ja ƙashin ƙasa. Wannan agarar ake gutsure wa 'yan milimita. Farcen yana nan, yana ci gaba da girma, amma ba za ta iya karta shi ta zubar da tsohon ɓawo ba. Sai ya yi kauri, ya lanƙwashe, ya riƙa maƙalewa a kafet, in an yi sakaci ya huda tsokar tafin dagi. Ƙarshenta dole a riƙa yanke mata farce har ta mutu. To in yankan za a yi, me ya kawo tiyata?

Ummu_Sadiq
To bari a zo ga yankan, tunda shi ne abin yi. Maman Ilham, ba wuya gare shi ba, wata takwas kuma ba ta wuce koyo ba.

Kwana uku ko huɗu na farko kada ki ɗauko abin yanka ma. In ta ci ta ƙoshi tana gyangyaɗi a cinyarki, ki kama dagi ɗaya, babban yatsanki a sama, manuni a ƙasa kan tsokar, ki ɗan matsa a hankali. Farcen zai fito da kansa. Ki saki, ki ba ta ɗan guntun kifi ko nama. Haka nan har ta daina fizgewa.

Ranar yanka ki zauna inda haske yake sosai. In kin fito da farcen ki kalle shi ta gefe. Wajen tsinin fari ne, kusan ana ganin ta cikinsa. Wajen gindi akwai wani abu ja-ja mai ruwan hoda a ciki, wannan tsoka ce mai jini da jijiya. Ki bar tazarar kamar milimita 2 tsakanin inda za ki yanke da jan nan. Ƙugiyar kawai ake so a cire. In kina shakka ki yanke kaɗan, gara ki dawo bayan mako da ki taɓa jan.

Kada ki ce sai kin gama goma a zama ɗaya. Biyu yau, uku gobe, ba laifi. Da zarar ta fara kaɗa wutsiya da ƙarfi ko ta kwantar da kunnuwa baya, ki sake ta. Kada a manta da na biyar ɗin, wanda ke can sama ta cikin ƙafa kamar babban yatsa. Ba ya taka ƙasa, shi ya fi saurin nannaɗewa ya shige fata. Na baya ba su cika buƙatar yanka ba, tafiya da tsalle suna cinye su, sai dai a riƙa dubawa. Duk mako biyu zuwa huɗu ake maimaitawa.

Hauwa_Rayfield
Da wane abu ake yankewa? Na mutane zai yi?

Ummu_Sadiq
Zai yi ga ƙarama irin wannan, amma a ware mata nata, sabo mai kaifi. Ki juya shi a kaikaice yadda bakinsa zai kama farcen ta gefe da gefe, domin farcen kyanwa siriri ne ta faɗi, bakin abin yankan mutane kuma a kwance yake.

Daliba_Naraguta
Anti, a nan akwai saɓani. Wasu likitocin suna koyar da a datse daga sama zuwa ƙasa, suna cewa matsawa ta gefe ce ke tsaga farcen.

Likita_Bukuru
Duka biyun ana koyarwa. Abin da ya fi tsaga farce dakusasshen ƙarfe ne da jinkiri wajen datsewa. A yi shi farat ɗaya. Wanda zai iya sayen ɗan almakashin nan na farcen kyanwa mai rami a baki, shi ya fi, domin yana zagaye farcen gaba ɗaya. Kada a yi da reza, kada a yi da almakashin ɗinki.

In an taɓa jan, jini zai fito, ba abin tashin hankali ba ne. A dangwali garin masara mai laushi ko fulawa ko sitaci a danna a bakin farcen minti ɗaya zuwa biyu ba a ɗagawa. Ɗan garin alif ma yana tsayar da shi, sai dai yana da raɗaɗi. In ya wuce minti goma yana zuba, a kawo ta asibiti.

Abu biyu nake roƙo. Kada a wanke wa kyanwa rauni da Dettol ko Izal, sinadarin cikinsu guba ne gare ta, kuma za ta lashe. Ruwan gishiri ya isa, ƙaramin cokalin shayi ɗaya a rabin lita na ruwan da aka tafasa ya huce. Na biyu, kada a ba ta farasitamol ko da ɓari ne. Hantarta ba ta iya sarrafa shi, yana lalata jininta, dasashi ya koma ruwan ƙasa, fuska ta kumbura. Ƙwaya ɗaya tana iya kashe ta. Haka su ibufurofen da diklofenak.

Dan_FarinGada
Ni tambayata ɗaya. In an yanke mata farce wa zai kama ɓera? Yawancinmu ai don ɓera muke ajiye su.

Anti_Rifkatu
Tambaya ce mai kyau, ba wasa ba. Yanka na kyanwar cikin ɗaki ne. Wadda ke yawo a tsakar gida, ko ta shago da sito, a bar mata farcenta yadda yake. Da shi take cafke ɓera kafin ta cije shi a wuya, da shi take haye katanga in kare ya biyo ta, ga Jos da yawan karnuka. Irin wannan ma tana karta a bishiya da turmi, farcenta yana gyara kansa. Sai ta tsufa ne za a fara dubawa.

Kafinta_Katako
Salamu alaikum. Yanka yana rage ɓarna amma ba ya hana karta, dole a ba ta inda za ta yi. Ga yadda ake haɗa turken, kowane kafinta zai iya.

Tsayi ƙafa uku, kusan santimita 90. Gajere ba ya aiki, tana so ta miƙe a kan ƙafafun baya ta kai hannu sama ta ja jikinta. Katako mai inci 4 ta kowane gefe, in babu a haɗa tubaifo biyu (katako mai kaurin inci 2, faɗin inci 4) da ƙusa. Gindi falanki mai faɗin inci 20 ta kowane ɓangare, kauri inci ɗaya, in an ninka biyu ya fi. A ɗaure turken ta ƙarƙashin falankin da dogayen sukurori huɗu, a ƙara gam. Duk sirrin yana gindin nan. In ta ɗora hannu ya girgiza sau ɗaya, ba za ta sake kusantarsa ba. Dalilin da ya sa take son kushin ke nan, ba ya motsi.

Sai igiya. Ta saisal, wato mai kaushi ta zaren tsiro, mai ruwan ƙasa, kaurin milimita 8 zuwa 10. Turke irin wannan yana cin mita 40 zuwa 50, mutane suna raina lissafin su sayo mita goma. A kafe bakin igiyar a ƙasa da ƙusa mai lanƙwasa, a riƙa naɗawa da ƙarfi, duk zagaye goma a bubbuga da guduma ta zauna a kan ta ƙasa, babu rata. Farin gam na katako siriri a ƙarƙashi. Ƙusa a farko da ƙarshe kawai, a nutsar da kanta sosai, kada a sa a tsakiya inda farce zai same ta. In igiyar tana warin mai ko kananzir a wanke ta a shanya kwana biyu tukuna. Kada a shafa wa katakon maganin gara ko fenti mai wari.

Baffa_Rikkos
Igiyar rama fa? Ita ta fi sauƙin samu da arha.

Kafinta_Katako
Tana yi, Baffa, sai dai ta fi laushi, tana saurin tsinkewa, za a riƙa sauyawa. Buhun algarara ma yana yi, a ninka shi uku a ja shi sosai a kafe ta baya. Wadda ba ta yi sam ita ce igiyar roba ta shanya. Santsi gare ta, ba ta yagewa, farce yana maƙalewa a zarenta. Kuma kada a lulluɓe turken da ragowar yadin kushin ko kafet ɗin falon, an koya mata ke nan cewa irin wannan yadin na karta ne.

Hauwa_Rayfield
Wanda ba shi da kuɗin kafinta ya nemi kwali. A yanka kwalin taliya ko na sabulu tsiri-tsiri, faɗin yatsu huɗu, tsawon kamu biyu, a jera su a tsaye gefe da gefe yadda ramukan cikin kwalin za su kalli sama, a manne da farin gam, a cusa cikin murfin wani kwalin ya matse. Suna son shi ƙwarai. Sai dai shara, kuma wata biyu ko uku ya ƙare. Guntun icce mai ɓawo, irin na murhu, shi ma yana yi in an kafe shi.

Ummu_Sadiq
Saura inda za a ajiye, don nan ake faɗuwa. A haɗa turke mai kyau a kai shi bayan ƙofar kicin ko baranda, a ce kyanwa ta ƙi shi. Karta ba wasa farce kaɗai ba ne. Akwai ƙananan ƙulluttai a tsakanin yatsunta masu fitar da wari wanda mu ba ma ji, tana shafa shi ne ta ce nan wurina ne, ga kuma zanen da ido ke gani. Shi ya sa take zaɓen wurin da jama'a ke zama da bakin ƙofa. Sannan tana miƙa da shi in ta tashi daga barci.

Saboda haka turken ya tsaya jingine da gefen kushin ɗin da take yagewa. In akwai na biyu, kusa da makwancinta. Shi gefen kushin a wanke shi da ruwan ɗumi da sabulu don warin ya tafi, a rufe da leda mai kauri, ko takardar alminiyam ta gasa nama, ko salatif mai danƙo ciki da waje. A bar shi haka mako uku zuwa huɗu. In ta saba da turken, sai a riƙa matsar da shi kaɗan-kaɗan, kamar taƙi ɗaya a rana, zuwa inda ake so.

Kada a kama hannunta a goga a jikin igiyar, tsorata ta zai yi. A ja zare ko gashin kaza a jikin turken ta bi shi ta cafka, farce ya shiga igiya ta ji daɗin abin da kanta. Ki karta da naki farcen ta ji ƙarar. Duk sanda ta yi a nan, ki ba ta ɗan abin ci nan take. Duka da watsa ruwa abu ɗaya suke koya mata, ta jira ki fita. In turken ya yi kaca-kaca kuma kada ki yar, a lokacin ne ta fi son shi.

Ki lura da abin da take yagewa. Gefen kujera da labule, tsaye take so. Darduma da sallaya, kwance take so, kwalin Hauwa ne maganinta. Sallaya dai a naɗe ta bayan salla.

Nas_Maryam
Kowa ya tafi kan kushin, an bar maganar yaron. Maman Ilham, cire farce ba zai kare shi ba. Kyanwar da ba ta da farce ta fi saurin kai cizo, cizo kuma ya fi yakushi haɗari nesa ba kusa ba. Haƙorinta siriri ne, yana shiga da zurfi, bakin raunin ya rufe da ƙwayar cuta a ciki. Cizo a hannu ko kusa da gaɓa yana iya kumbura cikin yini ɗaya, asibiti ake zuwa ba a jira.

Yakushi kuma a wanke nan take da sabulu da ruwa mai gudu. In bayan mako ɗaya zuwa uku kaluluwa ta fito a hammata ko wuya ko matsematsi, da zazzaɓi, a faɗa wa likita cewa kyanwa ta yakushe shi. Akwai ƙwayar cutar da ke kawo haka, kuma daga kashin ƙuma take shiga ƙarƙashin farcen. Ƙananan kyanwoyi 'yan ƙasa da shekara sun fi ɗauke da ita. Maganin abin a kashe ƙuma. Hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ma ba ta ba da shawarar cire farce ba, ko ga masu raunin garkuwar jiki.

In baƙuwar kyanwa ce, ko wadda ba a yi wa rigakafin haukan kare ba, a wanke minti 15 cur, a tafi asibiti a ranar. Taki kuma a yi mata allurar, daga wata uku ake farawa. Ga Vom kusa da mu, cibiyar binciken dabbobi tana can tun 1924, ga asibitin koyarwa na dabbobi na Jami'ar Jos.

Ɗan shekara biyu ba a barinsa shi kaɗai da kyanwa, mai farce ko marar farce. Jan wutsiya da matse ciki ne ke jawo yawancin yakushin. Manya kuma su daina wasa da ita da yatsu, a sa zare ko tsumma a sanda.

Sani_Terminus
Ƙuma ai ɗan Sniper a ruwa ake yi mata wanka da shi, ko hodar karnuka.

Likita_Bukuru
A'a Malam Sani, don Allah kada kowa ya gwada. Sniper da otafiyafiya suna ratsa fata, ga shi tana lasar jikinta. Dalala, karkarwa, farfaɗiya, mutuwa. Maganin ƙuman kare mai sinadarin fametirin (permethrin) shi ma yana kashe kyanwa. A nemi wanda aka rubuta na kyanwa ne, irin mai sinadarin fifuronil (fipronil) da ake ɗigawa a ƙeya inda harshe ba ya kaiwa, wata-wata, gwargwadon nauyinta. A wanke shimfiɗarta da ruwan zafi, domin yawancin ƙwai da tsutsar ƙuma a shimfiɗa suke, ba a jikinta ba.

Malam_Bala_AngwanRogo
Ko ta fuskar addini abin dubawa ne. Hadisin matar da aka azabtar saboda kyanwa yana cikin Bukhari da Muslim: ta tsare ta, ba ta ciyar da ita ba, ba ta sake ta ta nemi abinci da kanta ba, har ta mutu. Wadda aka guntule wa yatsu, in wata rana ta ɓace ko aka gaji da ita aka kore ta, da me za ta nemi abincin? Fatawa ta malamai ce, amma a yi tunani.

Zee_Abuja
Ba wanda ya ambaci hular farce. Wasu 'yan ƙananan kwanso ne na roba mai laushi, ana sayar da su da gam ɗinsu, yawanci 40 a fakiti, ana samu a shagunan kayan dabbobi ko ta odar intanet. Akwai na jarirai, ƙanana, matsakaita da manya, gwargwadon nauyin kyanwa. A fara rage tsinin farcen kaɗan. A gwada hular ba gam a ga ta zauna ba ta taɓa fata ba. A ɗiga gam kashi ɗaya cikin uku na cikinta, a fito da farcen a zura, a ɗan matsa gefe da gefe daƙiƙa biyar zuwa goma. A riƙe kyanwar minti biyar kada ta cire da haƙori. In gam ya yi yawa yana malalowa ya manne gashi da fata, nan matsala take. Suna faɗuwa da kansu cikin mako huɗu zuwa shida in tsohon ɓawon farce ya zube. Wadda ta wuce haka ba ta faɗi ba, a datse bakinta a cire, in ba haka ba farcen zai yi ta girma da ita har ya taɓa tsoka. Na gaba kawai ake sa wa, kuma ban da kyanwar da ke fita waje.

Anti_Rifkatu
Hular tana da amfani na ɗan lokaci, misali gidan da ke da mai ciwon suga ko tsoho mai shan maganin tsinka jini, ko kafin ta saba da turke. Amma wanda ya iya zaunar da kyanwa ya manna mata goma, ai ya iya yankan ma.

Dan_FarinGada
A unguwa kuma akwai masu fizge shi da filaya tun tana ƙarama, wai shi ke nan.

Daliba_Naraguta
Wannan azaba ce tsagwaronta, kuma ba ya aiki. Tushen yana jikin ƙashi kamar yadda Likita ya faɗa a sama. Ko dai farcen ya dawo a karkace, ko ƙashin ya tsage ya ruɓe. Wanda ya tsinci kyanwar da aka riga aka yi wa haka, ko aka yi mata tiyatar, ya lura da ɗingishi, ƙin tsalle, yawan lasar dagi, tsayawa tana ɗaga ƙafa ɗaya. A yi hoton ƙashi, in akwai ragowa ana iya cire ta. A sa mata yashi mai laushi da aka tankaɗe ko yagaggiyar takarda, kada a bari ta yi ƙiba, kada ta fita waje.

Baffa_Rikkos
Na ji duk bayanan, amma ku faɗi gaskiya. In maigida ya ce ko a cire farcen ko a sa ta a buhu a kai ta bayan gari, wanne ya fi? Kushin yanzu ba ƙaramin kuɗi ba ne, ba kowa ke da haƙurin mako huɗu ba.

Ummu_Sadiq
Baffa, ba biyu kaɗai ba ne zaɓin. A rufe ƙofar falo, ta zauna a wani ɗaki da tsakar gida. Ko a ba mai shago ko mai sito da ke neman mai kama ɓera, da farcenta za a karɓe ta hannu biyu. Wadda aka guntule ta koma fitsari a katifa da cizo, ita ce ake kaiwa bayan garin, kuma ba ta da abin kare kanta.

Baffa_Rikkos
Gidan haya ɗaki da falo fa? Ba kowa ke da ƙofar rufewa ba. Ni dai ina ganin akwai inda lalura za ta sa.

Maman_Ilham
Na gode ƙwarai jama'a, Allah ya saka da alheri. Za a gwada yankan da turken. Saura labule, shi ba karta take yi ba, hawa take yi har sama. Kuma Malam Kafinta, falon tayil ne, turken ba zai riƙa zamewa ba?

Kafinta_Katako
A yanka tsohon tib na taya ko silifas a manna a kusurwa huɗu na ƙarƙashin falankin, ba zai zame ba. In har yanzu yana rawa, a ɗora ƙafar kushin ɗin a kan gefen falankin ta danne shi. Labule kuma a ɗaure shi sama da rana na ɗan lokaci. Tunda mai son hawa ce, Hajiya, a kafa ɗan falanki mai faɗin ƙafa ɗaya a saman turken ta riƙa zama, a ajiye shi kusa da taga. Amma in za a yi haka gindin ya koma inci 24.